Shekarar da Marubuta Suka Dasa Masakwa

Shekaranjiya jikana ya ɗauko ni daga asibiti a keke za mu koma unguwar Bekaji, sai wani keken ya wuce mu, an ɗaure masa damman irin dawar masakwa a baya, ganye yana ta kaɗawa. Na ce wa yaron, ka ga an fara dashe. Ya ce dashen me? Na ce masakwa mana. Ruwan bana ma ya ɗauke da wuri, ga zafin nan na ƙarshen damina mai dafa mutum cikin tufafinsa, kuma tun ranar hankalina ya koma wata shekara da na daɗe ban taɓo ta ba.

Shekarar da aka canja kuɗi ce, aka bar fam da sule aka koma naira. Lokacin Maiduguri ce babban birnin jiharmu, kome ake so sai an hau mota an tafi can. Muna zaune a unguwar Rumde cikin Jimeta, gidan da kakanmu ya gina da ya zo fatauci daga Kano ya ƙi komawa. Ni mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'yana biyu, ina suyar ƙosai a ƙofar gida da safe. Mai gidan ƙanena ne, Hamidu, tela a kasuwar Jimeta. Ni na goye shi bayan innarmu ta rasu, shi ya sa duk unguwa Adda ake kirana, wato yaya da Fulatanci, har waɗanda suka girme ni. Matarsa Dije kuwa tana da tsohon ciki.

Daminar nan ta yi mana wasa da hankali. Ruwa ya zo a makare, aka yi shuka, ta tsiro, ya ɗauke, aka sake wata. Hadari zai haɗu daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso, mu kwashe shanya a guje, sai ya watse ya bar mu da ƙwarya a hannu. Dawa ta kai ƙugu ta tsaya, ganyenta ya nannaɗe. Kogin Binuwai bai cika ba, yashi yana leƙowa a tsakiyarsa a lokacin da ya kamata a ce ruwa ya kai gindin itatuwa. Wake ya fi ƙarfina, na kife kaskon ƙosai. Muka koma tafasa da rama, da kunun dusa wanda in ka sha sai ya yi ta kartar maƙogwaro har azahar.

Abin da ya rage mana shi ne karal. Ga wanda bai sani ba, karal baƙar ƙasa ce mai danƙo a bakin fadama, inda ruwa ke kwanciya da damina. In ruwan ya janye sai a dasa masakwa, Fulani su ce muskuwari, dawar da ba ruwanta da ruwan sama, laimar ƙasa da raɓa ke rayar da ita har a yanke ta da sanyi. A shekarar nan karal ɗin mutane da yawa ruwa bai ko leƙa shi ba, amma namu yana cikin kwari, ya ɗan sha. Hamidu ya yafa iri a bayan gida, ya tsiro shar. Sai dai masakwa ba ta jiran kowa. Da ƙasa ta tsage ta bushe ba a dasa ba, shi ke nan, sai baɗi.

To, Hamidu yana da cuta ɗaya, ita ce waƙa. Ba ta kalangu da roƙo ba, rubutacciya, da ajami, wadda ake rerawa da murya kawai. Suna da ƙungiya su marubuta, suna musayar waƙoƙi da takwarorinsu na Maiduguri da Kano da Zariya, kuma kowace Lahadi bayan la'asar suna taruwa a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu. Shugabansu Modibbo Sali, tsoho ne daga cikin garin Yola, mai waƙoƙin wa'azi da Fulatanci. Akwai Malam Ishaku, malamin firamare, wanda ko kasuwa zai je sai ya goge farar rigarsa. Akwai Malam Yohanna, Kirista daga wajen Numan, mai rubuta tatsuniyoyin mutanensu da boko, sai akawuna da 'yan kasuwa kaɗan. Za su kwashe yamma guda suna gardama a kan baiti ɗaya, wannan ya ce ya karye, wancan ya ce bai karye ba. Ni dai in da hali in miƙa musu kunu, in ce Allah ya ba ku abin yi.

Da yunwa ta yi yawa aka ce gwamnati ta aiko da hatsin agaji. Mun ga motocin da idonmu, sun shigo da rana tsaka, yara suna bin su da ihu. Aka damƙa makullin sito a hannun wani babba, ba zan faɗi sunansa ba, ya tafi inda za mu je duka. Mata suka yi layi tun asuba, ni ma na je, rana ta gasa mu, aka ba 'yan gaba tiya-tiya aka ce ya ƙare. Ba a yi sati ba sai ga buhunan nan da tambarinsu a bayan wasu kantuna. Hamidu yana kan kekensa na ɗinki yana kallon kome.

Bai gaya wa kowa ba ya yi waƙa. Ni wurin da na riƙe shi ne:

*Hatsi ya shigo mana rana tsaka,*
*Ya fita ba mu ko ji ƙamshinsa ba.*

Waƙar ba ta ambaci sunan mai makulli ba. Sunan mutum ɗaya ne a cikinta, don al'adar masu rubutacciyar waƙa ce a baitin ƙarshe mutum ya faɗi kansa, ya ce in an tambaye ku wa ya yi ta, ku ce wane ne na unguwa kaza. Hamidu ya sa nasa, Hamidu tela na Rumde, kamar mai ba da kwatancen gida. Na ce masa ya cire, ya ce waƙar da ba ta da uba ai shegiya ce. Kafin ka ce kwabo mata suna daka da ita, 'yan kamasho suna rera ta a tasha. Ana saura kaɗan a ga watan azumi 'yan sanda suka zo shago suka tafi da shi, wai yana tunzura jama'a.

Ƙungiyar nan ta tashi tsaye, wannan kam na shaida. Modibbo ya bi zaurukan manya ɗaya bayan ɗaya da sandarsa. Malam Ishaku ya hau bayan babbar mota har Maiduguri, ya dawo da ƙura har cikin kunne, da alkawarin za a turo wanda zai duba siton bayan sallah. Suka raba kwana, kullum mutum ɗaya zai je ya zauna a ƙofar gidan yari daga hantsi zuwa la'asar, don masu tsaro su san wanda ke ciki yana da mutane. Kuma duk wanda ya samu ganinsa magana ɗaya yake gaya masa, ya daure, kada ya janye ko harafi.

Azumi ya shigo cikin wani irin zafi da ban taɓa gani ba. Yanzu yara na shan ruwan firij suna kukan azumi. Da asuba mu sha kunun dusa, mu kora da ruwan randa wanda shi ma ɗumi gare shi. Kafin hantsi iska ta tsaya cik, gumi yana bin baya, ƙudaje ma sun gaji. Dije ba ta azumi saboda cikin, amma abin da take ci bai fi na mai azumi ba, ƙafafunta suka kumbura. Ni da sassafe in ɗauki lauje in tafi karal, in yanke ciyawa daidai ƙarfina, in tara in ƙona. Wannan na iya. Abin da ya gagare ni sandar dashe ce, doguwa mai nauyi da tsini, wadda sai ƙato ke ɗaga ta ya caka a ƙasa. Na gwada, ramina bai kai ɗan yatsa ba. Gayya kuwa wa zai zo? Masu ƙarfi sun tafi neman abinci, waɗanda suka rage suna tsoron a gan su a gonar ɗan fursuna. Kullum in je in tarar tsagar ƙasa ta ƙara buɗewa, iri kuma a bayan gida yana neman wuce gwiwa.

Ana nan sai ga wani mutum mai laushin baki ya yi sallama a zaure. Ya gaishe ni da azumi, ya tambayi mai ciki. Ya ce babban ba ya riƙe da Hamidu a zuciya, ƙuruciya ce. Abin da ake so kaɗan ne, ya yi wata waƙar, ya tsaya a kasuwa bayan sallar Juma'a ya rera, ya ce ƙarya aka gaya masa ya hau kai. In ya yi haka ranar a gida zai sha ruwa. Na gane lissafinsu, in mai waƙa da bakinsa ya ƙaryata kansa, mai zuwa daga Maiduguri ba shi da abin dubawa. Da mutumin ya tashi tafiya yana sa takalmi sai ya ce, "Ya irin masakwa? Na ji ya yi kyau. Kada dai a bari ya tsufa."

Ashe sun san inda za su matsa.

Ranar Asabar na kai wa Hamidu abin buɗa baki. Ta wata 'yar taga mai ƙarfe ake magana, mai tsaro yana tsaye a gefe. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na gaya masa kome, ƙafafun Dije, tsagar ƙasa, saƙon mutumin, na ce ya yi musu waƙarsu ya fito, Allah ya san zuciyarsa. Ya ce, "Adda, in na ce ƙarya na yi, to matan da suka yini a layi suka koma da ƙwarya wayam, su ma maƙaryata ne?" Na ce matan nan ba su za su ciyar da matarsa da jego ba. Daga ƙarshe ya ce in ba shi zuwa Juma'a. Na samu abin da na je nema, amma wallahi na fito ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, don ni na rene shi, na san yadda fuskarsa take in an karya shi.

Washegari Lahadi marubuta suka taru a gindin dalbejiya kamar kullum, suna shirya wata takardar koke, ana ta musu ko a ce "muna roƙo" ko a ce "muna kira". Ina ji daga tsakar gida. Raina ya ɓaci, na yafa gyale na fito, ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce musu sannunku da ƙoƙari, amma daurewa da cikin wani ba ta da wuya. Kowannenku in ya tashi nan gidansa zai je ya tarar da tuwo ko yaya yake, ku kuna ce masa kada ya janye, su kuma sun riƙe shi ta gona. Na ce ranar Juma'a zai tsaya a kasuwa ya ci amansa, ni na roƙe shi, kuma ba na jin kunyar kowa. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sa maimaituwa a bakin tsohuwa.

Malam Ishaku ya buɗe baki, Modibbo ya ɗaga masa hannu. Ya tambaye ni girman karal ɗin, da ko akwai sauran ruwa kusa, da ko hannu na shiga tsagar. Na ba shi amsa. Shi Modibbo Hausarsa ta Yola ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce, "Adda, ka yi gaskiya. Mu muka ce masa ya tsaya, to gonan yana wuyanmu." Ya juya ya ce a naɗe takardar nan, gobe bayan asuba kowa ya zo da tsohuwar rigarsa.

Ban yarda za su zo ba, sai da na gan su. Gari bai gama wayewa ba suka jeru a ƙofar gida, har da waɗanda ban taɓa ganin ƙafarsu ba takalmi ba. Dije ta zauna a tabarma da wuƙa tana datse kan iri da jijiyarsa, ana ɗaurewa dami-dami. Masu aikin ofis suka ce za su yi har lokacin aiki su dawo da la'asar. Malam Ishaku kuwa ya aika wa hedimasta cewa yana gona, a rubuta duk abin da za a rubuta.

Dashen masakwa aikin mutum uku ne a layi. Na gaba ya caka sanda ya girgiza ya zare, na biye ya zuba ruwa gwangwani ɗaya a ramin, na baya ya sa iri biyu. Ruwan daga wani kududdufi ake ɗebowa, da ɗan nisa, ya koma rabin taɓo. In kana son ka san azumi, ka yini kana zuba ruwa a rami kana jin ƙararsa yana shiga ƙasa, ƙul-ƙul, harshenka ya manne a ganɗa. Rana ta taso ta daki baƙar ƙasar nan, zafi yana fitowa ta tafin ƙafa. Kafin hantsi hannun masu sanda ya yi bororo, ya fashe, suka yage gefen rawani suka naɗe. Wani akawu jiri ya ɗebe shi, aka ja shi inuwa aka jiƙa masa kai, ya huta ya dawo. Layinsu kam ba a magana, wani ya yi gabas wani ya yi kudu, amma ramukan sun yi zurfi, shi ne abin da masakwa ke so.

Malam Yohanna shi ya ɗauki aikin da ya fi wuya, garwa biyu a sanda a kafaɗa, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Na ja shi gefe na ce ga ruwa mai kyau na ɓoye masa a gindin gawo, ya je ya sha, shi ai ba a ɗora masa ba. Ya ce shi ba azumi yake ba, kunya yake ji. Bai sha ba sai da aka kira magariba.

Modibbo ba shi da ƙarfin sanda, shi ne mai sa iri, yana jan gwiwa a ƙasa, gemunsa duk taɓo. Da ya ga hannuwa sun fara sanyi sai ya ɗauko waƙar Hamidu, a hankali, daidai da faɗuwar sanda. Saura suka amsa. Tun da aka kama Hamidu ba wanda ya rera ta a fili, sai ranar. Muryoyin a bushe suke, amma aiki ya miƙe.

A rana ta biyu 'yan sanda biyu suka zo a kan kekuna, suka jingine su a gindin gawo suka tsaya kallo. Waƙa ta mutu a bakin mutane. Modibbo bai ko ɗaga kai ba, ya ci gaba shi kaɗai da muryar nan tasa mai rawa har ya kai baitin ƙarshe. Da ya zo inda sunan Hamidu yake sai ya sa nasa, ya ce in an tambaye ku ku ce Sali ne na cikin Yola. Ya tura iri a rami, ya matsa gaba. Can sai Malam Ishaku ya maimaita baitin da sunansa da unguwarsu, da ƙarfi, kamar yana kiran sunayen 'yan aji. Sai Malam Yohanna, garwa a kafaɗa. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi kansa da inda za a same shi. Na tsaya da gwangwani a hannu, tsigar jikina ta tashi, kuma a nan na ji ina ƙaunar mutanen nan har cikin raina.

'Yan sandan suka daɗe, sannan suka hau kekunansu. Ban san abin da suka je suka faɗa ba. Na dai san kafin babbar sallah an yi wa Malam Ishaku canji zuwa wani ƙauye a kan dutse inda mota ba ta zuwa, ya yi shekaru a can, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Labari ya shiga gari. Washegari sai ga matan unguwa da tuluna a ka, waɗanda muka yi layin hatsi tare, ba wanda ya gayyace su. Da magariba mu zauna a bakin gona, kunun tsamiya tsararo a ƙwarya ɗaya yana zagayawa, da ɗan dafaffen rogo da wani ya kawo. Hannun maza ba ya iya riƙe ludayi don ciwo, suna yi wa juna dariya, har an koma gardamar wane ne layinsa ya fi karyewa. Ranar Alhamis da la'asar aka sa irin ƙarshe. Na waiwaya na ga karal ɗin tun daga bakinsa har ƙarshe, iri ya langaɓe ya kwanta kamar ba zai yi ba. Haka yake yi, sai ya sha raɓa yake tashi.

Ranar Juma'a da hantsi na je gidan yari. Na tarar an ba Hamidu ruwa ya yi wanka, an kawo masa wankakkiyar riga, ana jiran a sauko daga masallaci a kai shi kasuwa. Bai iya kallona ba. Na ce masa, "An dasa." Ya ce an dasa me? Na ce karal, duka, har kusurwar da yake bari saboda tauri. Ya tambayi wa ya yi, na lissafa masa su, na gaya masa yadda Modibbo ya ja gwiwa, da abin da suka yi da baitinsa na ƙarshe a gaban 'yan sanda. Ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu ya jingina goshinsa a kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma ban hana idona ba.

Da ya samu kansa sai ya ce da ƙaramar murya, "Adda, na fa riga na gama ɗaya waƙar. Tana cikin kaina. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta fi ta farkon daɗi. Yanzu ya zan yi da ita?"

Na ce, "Haɗiye ta. Ba ta karya azumi."

Ya cire wankakkiyar rigar ya miƙa wa mai tsaro. A ciki ya yi sallah, a ciki ya ji Dije ta sauka lafiya. Mai dubawa ya zo daga Maiduguri, aka ɗauke babban aka kai shi wani gari, yadda ake yi wa manya, shi kuma Hamidu aka sako shi da sanyi, ana gab da yankan masakwa. Ya rayu ya tsufa, ya yi waƙoƙi da yawa. Amma waccan, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ko baiti ɗaya nata, har ni da na sa shi ya yi ta.